Litinin Za Mu Koma, Mutumina

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Shirun nan ya yi yawa. Za ka ce ni ne ba na nemanka, ni ma in ce kai ne, to mu bar wannan shari'a tunda ba ta da alƙali. Akwai abin da nake so in tambaye ka game da takardun da ka cike lokacin da za ka ajiye aiki, amma bari in fara sauke abin da ke cikina tukuna.

Litinin za mu koma makaranta. Labarin ke nan gaba ɗaya, kuma na san kana karantawa kana murmushin mugunta, kai da ka tsere ka bar mu da alli. Tun da aka shiga makon ƙarshe na hutun nan barcina ya lalace. Sai in farka tsakar dare gabana yana faɗuwa kamar wanda ake bi bashi, alhali ba abin da ya faru. Mafarkin nan namu ma ya dawo: ina tsaye gaban allo, aji ya kaure da surutu, ina buɗe baki amma murya ta ƙi fita. Na ba Dogo labari a waya, ya ce shi nasa ya fi muni, wai a mafarkinsa sufeto ne zaune a bayan aji yana rubutu, shi kuwa ya manta darasin da ya zo koyarwa. Mutum ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki, amma har yanzu ƙarshen hutu yana kaɗa masa hanji.

Uwargida ta ce, "Malam, kai da kake hutu, me ya hana ka barci?" Ban ga laifinta ba, ai kowa haka yake gani. Duk wanda ba malami ba cewa yake mun more, hutu kan hutu. Ba wanda yake ƙirga kwanakin farko da suke tafiya wajen makin jarrabawa da cike sakamakon yara. Kana gamawa kuma sai jiki ya ce to yanzu lokacina ne, mura da ciwon kai da duk gajiyar da ka danne tun farkon zango su taso maka a lokaci guda. Ka ɗan murmure ke nan, ka fara jin kai ma mutum ne, sai wayarka ta yi ƙara.

Shekaranjiya mataimakin shugaba ya turo sabon jadawali a guruf ɗinmu na WhatsApp, da dare, bayan kowa ya kwanta. Hoto ne ya ɗauka a karkace, sai da na sa yatsu biyu na buɗa shi ina neman sunana gida-gida. Na same shi a inda nake tsoro: darasi biyu a jere bayan tara, a ajin nan na ƙarshen baranda wanda ba ya jin kira. Sannan an ɗora mini darasin wanda ya tafi bara, don har yau ba a kawo madadinsa ba. A ƙasan hoton kuma kowa yana ta turo "Mun gode, ranka ya daɗe." Har da Dogo, munafukin Allah, wanda ya kira ni bayan minti kaɗan yana zage-zage.

Abin da nake so ka gane, ko da yake ka fi ni sani, ba yaran nake gudu ba. Wallahi in za a bar ni da aji da allo, a rufe ƙofa, zan yi wannan aiki har ƙarfina ya ƙare. Akwai daɗin da ba a samu a ko'ina sai lokacin da yaron da ya yi makonni yana kallonka ido ba fahimta ya ɗaga hannu ya ce "Malam, na gane." Abin da ke kashe mutum shi ne tarkacen da aka jibga a kewayen koyarwar. Tsarin darasi da za ka rubuta don a sa hannu, ba don wani zai karanta ba. Rajista. Fom na wannan, rahoton wancan, abu ɗaya ka rubuta shi a littafi, ka sake shigar da shi a kwamfuta. Taron malamai da za a ce na rabin awa ne ya cinye yamma. Ga iyayen yara da suka samu lambarka, uba ya kira ka kana tsakiyar iyalinka yana tuhumarka dalilin da ɗansa ya faɗi, ɗan da bai taɓa buɗe littafinsa ya duba ba. Jakata tana rataye a bayan ƙofa tun ranar da aka ba da hutu, ko zif ɗinta ban taɓa ba, don na san abin da ke ciki.

Ka san abin dariya? A tsakiyar hutun aka kira mu bita, wai kan yadda malami zai kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa. An katse mana hutu don a koya mana hutawa. Amma ban ce ban ƙaru ba. Mai gabatarwar ta ce tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin ƙonewar da aiki ke yi wa mutum a kundinta na cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa idan matsi ya daɗe ba a magance shi ba. Alamominsa uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har ka fara jin haushinsa, sannan ka ga ba ka iya abin da ka saba iyawa. Tana lissafawa muna satar kallon juna. Ta kuma kawo binciken da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ta yi a 2018 a ƙasashe da dama, inda kusan rabin malaman suka ce yawan aikin takardu na cikin abin da ke ɗaga musu hankali. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne, har waɗanda muke ganin sun ji daɗi kukan ɗaya ne.

Da aka zo maganin abin kuwa, sai ta ce mu riƙa jan numfashi a hankali muna saki. Dogo ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malama, numfashin zai yi makin takardun ne, ko bayan mun gama za mu ja?" Ɗakin ya tuntsire. Ita ma ta yi dariya, baiwar Allah, don ta san ba a hannunta gyaran yake ba. Ni abin da ya tsaya mini ke nan: kullum malami ake ce wa ya gyara kansa, ya ƙara haƙuri, ya tsara lokacinsa. Ba a cewa a rage yawan yara a aji, ko a soke fom ɗaya. Alhali tun 1966 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, a ciki aka ce girman aji ya zama yadda malami zai iya kula da kowane yaro, kuma a lissafa lokacin shirya darasi da duba aikin yara cikin awannin aiki. Ranar 5 ga Oktoba da ake bikin malamai, ranar da aka amince da wannan takarda ce ake tunawa. Za a yi jawabai, a ce mu ne ginshiƙin al'umma, washegari mu koma ajin da ba ka iya ratsawa tsakanin bencina.

Kai kuma kada ka ɗauka ka tsira daga lissafi. UNESCO ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, kuma yawan malaman firamare da ke barin aiki ya kusan ninkawa tsakanin 2015 da 2022. Da na ji haka sai na ce a raina, ai na san ɗaya daga cikinsu, har tumbi ya ajiye. Na ga hoton da ka sa, kada ka musa. Wa zai ce kai ne mai bin mu ofishin malamai kana aron jan biro?

Af, ka tuna yaron nan mai kwaikwayon tafiyarka in ka juya baya? Wanda ka rantse ba zai zama komai ba? To shi za a turo mana koyon aikin koyarwa wannan zangon, kuma a ƙarƙashina. Ya zo gaishe ni, ya yi tsawo, ya rusuna har ƙasa, yana ta "Malam, Malam." Na tambaye shi me ya ja shi wannan aiki, ya ce sha'awa. Ban ce masa komai ba. Ajin ƙarshen baranda zan fara ba shi, ya ga yadda ake kwaikwayon tafiya. Baban Lissafi kuma ritayarsa ta zo, yana yawo yana washe baki, ya ce abin da zai fara yi shi ne ya fita daga guruf. Hajiya ta ɗakin karatu ta yi jika, tana cigiyarka, ta ce har yanzu akwai littafinta a hannunka.

Ni dai na fara ɗan lallaɓa kaina. Ina matso da lokacin kwanciya kaɗan-kaɗan don kada tashin Litinin ya zo mini a ba-zata, na kuma sa wa guruf ɗin takunkumi da dare, duk abin da aka turo ya jira safiya. Darasin makon farko kawai zan shirya, sauran sai na ga idon yaran. Maƙogwaro ne ban san yadda zan yi da shi ba, don duk farkon zango sai muryata ta dishe kafin Alhamis. Me kake sha ne a lokacin da taka ba ta taɓa dishewa ba, ko tsabar iya faɗa ne?

Ka rubuto, kada ka turo mini saƙon murya na minti goma kana tuƙi. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka ce wa babban ina nan ina jiran sakamakonsa. Littafin Hajiya kuma ka nemo shi, don ni take tsarewa a baranda.

Naka har kullum,
Maƙwabcin teburinka na ofishin malamai