Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan halin da koramarmu ta shiga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara maka nasara da yawan rai. Mu talakawanka, masu garka da masunta da makiyaya da matan ƙauyukan bakin korama a kudancin Zinder, muna gaisuwa, muna neman ahuwa da muka kawo kuka fada a rubuce. Ɗa ba ya rasa inda zai kai kuka alhali ubansa na raye.

Ranka ya daɗe, ranar Juma'ar da ta gabata, da asuba, masu zuwa ban ruwa suka tarar da kifi kwance a kan ruwa, ciki sama, tun daga mashayar shanu har gada. Karfasa ce ta fi yawa, amma har da tarwada, wadda kowa ya san taurin ranta, tana rayuwa ko a cikin taɓo. Ruwan na warin piya-piya. Shanu sun zo sun shinshina sun juya. Kafin dattawa su ankara, yara sun kwashi kifin sun kai gida, wasu iyayen har sun ɗora tukunya. Gidajen da suka ci sun kwana da amai da gudawa. Har yau ba wanda ya zo ya ɗebi ko kwalba ɗaya ta ruwan nan, sai wani da ya tsaya kan babur ya ce zafin rana ne. Allah ya ba ka nasara, a cikin zafin nan aka haife mu, ba mu taɓa ganin ya kashe tarwada ba.

Mun sha faɗa. Mun faɗa wa mai gari, mun je inda aka ce mu je, an rubuta sunayenmu, an ce za a zo. Wani lokaci a kan masu wanke famfon feshi a bakin ruwa, wani lokaci a kan amalanken yashi da suka cinye gaɓa, ko masu saran itatuwan da ke riƙe da ita, ko leda. Dokar hana leda tana nan tun 2014, ta ruwa tun 2010, amma a wajenmu ba su wuce takarda ba.

Abin da muke roƙo shi ne a auna lafiyar koramar nan, awo na gaskiya. Masana na nan kusa, a Jami'ar André Salifou da wajen ma'aikatan gandun daji da na ruwa. Kalma ɗaya daga fada ta isa ta taso su. In sun zo, a yi haƙuri a zo da asuba, domin gansakukar da takin zamani ya ciyar tana sakin iska a cikin ruwa da rana, da dare kuma ta shanye ta, shi ya sa kifi ke shaƙewa gab da fitowar rana. Wanda ya auna da azahar zai koma ya rubuta lafiya lau. A ɗebi ruwa sama da garake, a ɗeba ƙasa da su, a ɗebi lakar ƙasan ruwa, tunda guba kan bi ruwa ta wuce amma laka kan riƙe saura. A duba ƙananan ƙwarin da ke maƙale a ciyawa da ƙarƙashin duwatsu. Inda suka ɓace sai jajayen tsutsotsi da sauro, ruwan ya lalace ko da ido na ganinsa garau. A tambayi sarkin ruwanmu ma: shi zai lissafa inda bado yake dā kacalla ta maye gurbinsa, da yadda kukan kwaɗi ya ragu.

A duba dodon koɗi. Ƴaƴanmu da yawa na fitsarin jini, kuma likitoci sun ce ta jikinsa tsargiya ke yaɗuwa. A duba rijiyoyinmu, don ruwan ƙasa a yankin Korama ba shi da zurfi, abin da ya shiga korama ba ya daɗewa bai kai rijiya ba. Rake da shu da salatin da ake ban ruwansu a nan, kasuwar Dole suke zuwa, mutanen birni ke ci.

Muna roƙon Mai Martaba ya umarci masu gari su yi shela a hana wanke famfon feshi da zubar da kwalaben magani a bakin ruwa, a hana kamun kifi da guba, a tsayar da ɗibar yashi a gaɓa. A binciko wanda ya yi aikin ranar Juma'a, ko ɗan wane ne. Kuma in sakamakon awo ya fito, a karanta mana shi da Hausa a ƙofar mai gari, kada a kulle shi a ofis da Faransanci. Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a zo a ɗebi ruwan cikin makon nan, kafin shaida ta bi ruwa.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya tsare Damagaram da talakawanta. Amin.

Talakawanka,
Masu garka, masunta, makiyaya da matan ƙauyukan bakin korama