Wasiƙa Zuwa Ga Aminina: Labarin Ƙungiyarmu Ta Tsofaffin Ɗalibai

Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Malesiya da ruwan samanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan hunturu ya kankama, da safe ko dutsen Kufena ba a hangowa saboda hazo. Na leƙa wajen Hajiya ranar Juma'a, na same ta lafiya lau, ta ce in faɗa maka ka riƙa yawaita kira.

Ka tambaye ni yadda taronmu na bana ya kaya. Abin da ka gani a zauren WhatsApp hotuna ne kawai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka da kyau.

Ka san shekara da shekaru asusun ƙungiyar nan ba ya wuce ta'aziyya da biki da suna. Ban raina wannan ba, zumunci ne, shi ya riƙe mu har yau. Bana sai aka kawo shawarar mu gina wa kwalejinmu ta horar da malamai sabuwar ƙofa, a rubuta sunan ajinmu a jiki. Har an fara tafi, sai 'yar ajinmu da ke koyarwa a can yanzu ta miƙe. Ita ce ke bin ɗaliban NCE, masu neman takardar shaidar malanta, ƙauyuka tana duba su lokacin koyarwar gwaji. Ta ce a wannan zangon ne yara suke zubewa. Ba kasawa suke yi ba, kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yaron da aka tura makarantar da ke bayan gari sai ya zaɓa, ko ya ci abinci ko ya hau mota. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya taimaki wasu, amma Naira dubu 20 ta wata ba ta kai mutum ƙauye kullum, ga kwali da maka da alli duk daga aljihunsa. Ta ce wasu sukan je sati biyu su ɗauke ƙafa, sai ranar da suka ji mai dubawa zai zo. Wasu kuwa daga nan suka bar karatun ke nan.

Zauren ya yi tsit. Aka ajiye maganar ƙofa. Muka tsayar cewa rabin kuɗin wata zai tafi ga kuɗin motar waɗannan yara, sannan kowane ɗayanmu da ya taɓa riƙe alli a ba shi ɗalibi ɗaya ya zama uban ɗakinsa har ya gama. Wannan na biyun shi ne ya fi kwanta mini a rai.

Ni yarinya aka ba ni, marainiya ce, tana shekarar ƙarshe. Makon jiya na hau babur na same ta a firamaren da aka tura ta. Aji uku, yara sun cika ɗaki maƙil, mafi yawansu zaune a kan buhu. Allon ya koɗe, da safe ta sa aka goga masa baƙin batir don rubutu ya fito. Lissafin ɗebewa take koyarwa, irin wanda ake aro daga gidan goma. Sai ta kwance wata leda cike da marafan kwalbar lemo da ta bi shaguna ta tsinto, ta ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma da kyauro. Ta kira wani yaro daga can baya, ta ba shi ɗauri uku da tsinke biyu, ta ce ya ba abokinsa bakwai. Ya yi shiru yana kallon hannunsa. Can sai ya kwance ɗauri ɗaya da kansa, ya ƙirga. Wallahi aminina, fuskar yaron nan da ya gane abin har yanzu tana idona.

Bayan an tashi muka zauna ƙarƙashin darbejiya na duba littafin shirin darasinta. Akwai gyara: tana cusa abu uku a darasi ɗaya, kuma tana juya wa yara baya ta daɗe tana rubutu. Na nuna mata, ta rubuta. Da za mu rabu ta ce, "Malam, tsakani da Allah, mutum zai iya riƙe gida da wannan aikin?" Ban ɓoye mata ba. Na ce albashin ba ya isa, ni kaina da noma nake cikawa. Na ce amma abin da na gani yau ba kowa Allah yake ba wa ba, kuma ba za mu bar ta ita kaɗai ba.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin inda muka fito. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta zama Barewa a nan Zariya, don horar da malamai aka yi ta. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi, Malam Aminu Kano a Bauchi da Maru, Shehu Shagari ma malamin makaranta ne. Mu kanmu da shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya kwaso a 1976, masu takardar malanta ta Gireidi Tu ne suka koya mana baƙi da wasali, kuma a garinmu in malam ya zo wucewa har dattawa sukan gyara zama. Yau yaro ba ya cika fom ɗin kwalejin ilimi sai in makin JAMB bai kai shi jami'a ba. Ka tuna 2017 da aka ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawa a Jihar Kaduna, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni abin da ya dame ni a lokacin, kuma yake damuna yanzu, shi ne wa ya zauna da su ƙarƙashin bishiya ya duba littafinsu sa'ad da suke koyon aikin? Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ta yi kyau, sai dai ta tsofaffi ce. Masu shigowa su ne namu.

Wani labari mara daɗi: malaminmu na ilimin tarbiyya, wanda yake sa mu maimaita darasi a gaban aji har sai ya gamsu, ya rasu bayan Babbar Sallah. Allah ya jiƙansa da rahama. Iyalansa sun ba ƙungiya littattafansa, akwati biyu, muna rabawa yaran aro.

To, ga abin da ya sa na tsawaita. Na san za ka ce a turo maka lambar asusu, kuma za a turo. Amma akwai abin da kai kaɗai ne a cikinmu kake da shi. Biyu daga cikin yaranmu da suka riga suka yi digiri suna son wucewa digiri na biyu, ɗaya a koyar da lissafi, ɗaya a koyar da karatu da harshen uwa. Suna da kai, amma ba su san yadda ake tsara takardar ƙudurin bincike ba, balle yadda ake rubuta wa farfesa a nemi gurbi ko tallafin karatu. Kai kullum irin waɗannan takardu kake dubawa. Ka ba su awa ɗaya a wata ta waya, ka karanta abin da suka rubuta, ka yi musu jan biro kamar yadda aka yi mana. Sannan jarrabawar lasisin koyarwa ta TRCN, hukumar rajistar malamai, a kwamfuta ake yin ta, wasu yaranmu kuwa ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba. In akwai tsofaffin kwamfutocin cinya da abokan aikinka suka ajiye, ka tara mana ko biyu ne, ka taho da su in za ka zo hutu.

Kun riga mu da awa bakwai, don haka in mun idar da azahar ƙarfe biyu, kai tara ta yi maka. Asabar ta fi yi wa yaran sauƙi. Ka duba ka faɗa mini wadda za mu fara da ita, ni zan haɗa su a gidana.

Ka gaida uwargida da yara. Maiɗakina tana gaishe ku ƙwarai.

Wassalam,
Naka amini