Abin da baƙonmu ya gani a Zariya

Edita, assalamu alaikum.

Ɗan ƙanwata da aka haifa a Ingila ya zo mana hutun Sallah, karo na farko. Daren farko aka ɗauke wuta, zafi da sauro suka hana shi runtsawa. Da safe ya ga ƙannensa sun durƙusa suna gaida kakarsu, sai ya tsaya turus, ya rasa inda zai sa hannunsa. Kwana uku kawai, shi ma ya koya, har yana sa hannu a kwanon tuwo ɗaya da su.

Na kai shi ƙofar fada ya kalli hawan Sallah, muka zaga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ya ji daɗi ƙwarai. Amma da muka bi ta wajen ganuwa ya ga bola da ledoji jibge a jikinta, wasu wuraren ma an ƙwaƙule ƙasarta, sai ya ce, "Kawu, ba mai kula da ita ne?" Wallahi kunya ta rufe ni.

Ina roƙon hukuma da masu unguwanni a kwashe sharar nan, a kuma hana ɗibar ƙasar ganuwa kafin damina ta ƙarasa abin da ya rage.

Naku,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya.