A Sanya Mana Ranar Tseren Uku A Kebbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wani wasa da ba kasafai ake jin ɗuriyarsa a shafukan wasanni na Hausa ba, in kuma miƙa roƙo ga masu shirya bikin kamun kifi na Argungu da masu kula da wasanni a jiharmu. Wasan shi ne tirayatalon, tseren uku, inda mutum ɗaya zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya ɗora da gudu, agogo na tafiya tun daga faɗawarsa ruwa har ya ƙetare layin ƙarshe. Ko lokacin da ya ɓata wajen ɗaura takalmi ana lissafa masa. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, mai iyali, na haura shekara 40, kuma ba wanda ke biyana ko sisi a kan wannan abu. Aljihuna ma yake ci.

Tsayin tseren da ake yi a gasar Olamfik shi ne iyo na mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai ƙaraminsa, rabin wannan daidai: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Wasan ba tsoho ba ne. A San Diyego ta Amurka aka fara shi a 1974, sai a Sidni a shekarar 2000 ya shiga Olamfik. Bikinmu na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, ya girme shi da shekara 40 cif. Wannan ne ma ya sa nake ganin ba mu da dalilin kallonsa a matsayin wasan wasu can.

A ƙasashen da ake yawan gasar, da sanyi ya shigo ake rufe kakar wasa. 'Yan wasa su huta na ɗan lokaci, sannan su shiga watannin gina jiki a hankali, ba gasa ba nuna bajinta. Ni hunturu ne nawa lokacin, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Bayan sallar asuba nake fita gudu, wani lokaci in zaga wajen filin wasa na Haliru Abdu, wani lokaci in miƙe titi. Ƙa'idata ɗaya ce: idan mai shayin unguwarmu ya gaishe ni na kasa amsa masa da cikakkiyar magana ba tare da haki ba, to na yi sauri, sai in rage. Yaran da ke atisayen ƙwallo suna wuce ni suna cewa, "Baba, ai wannan gudun da tafiya duk ɗaya!" Ina ƙyale su. Gudun a hankali mai tsawo shi ke faɗaɗa numfashi, ya sabar wa gwiwa da jijiyar dunduniya ɗaukar nauyi. Gudun wuta yana da lokacinsa, kamar wata biyu kafin gasa, kuma wanda ya fara shi tun Nuwamba yakan iso ranar gasa da ciwo. Ran da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layi, ba na fita. In tsaya tsakar gida in yi tsallen igiya da tsugunna-tashi, domin ƙurar da mutum zai shaƙa ta fi amfanin gudun yawa. Man kaɗe kuwa ba ya rabuwa da ni saboda faso.

Keke sai Asabar. Nakan bi hanyar Kalgo in nufi Jega, in juyo kafin rana ta take. Keken na gwanjo ne, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, kuma ranar farko da na kai shi wajen mai facin bakin kasuwa sai da ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Yallaɓai, wannan tayar ai ba ta ƙoshi ba. Ko famfona ba zai shiga bakinta ba." Gaskiyarsa, sai da na nemo wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa bakin tayar. Yanzu shi ke gyara min giya, ya kuma fi ni sanin kukan da kaca ke yi idan ƙura ta cika ta. Duk dawowa sai na wanke kacar da kananzir da tsohon buroshin haƙori, in ba haka ba ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta cinye haƙoran giya. Manyan motocin albasa daga Aliero da na shinkafa ba su san da zaman mai keke ba, don haka hular kwano dole, riga mai haske dole, kuma da na ji ƙaho sai in sauka gefe ba gardama. Rashin kayan aiki bai tsaya kan irina ba. A Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriya ta farko da ta yi tseren keke a gasar, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Idan haka ta faru da wadda ta ɗauki tutar ƙasa, ni da ke Birnin Kebbi ban da bakin kuka.

Abin da ba ya faɗuwa sai mutum ya ɗanɗana shi ne sauka daga keke a ɗora da gudu nan take. Kilomita ta farko za ka ji kamar an ɗaura maka turmi a kowace ƙafa. Cinyoyi sun saba da juyi, yanzu an ce su ɗauki jiki. Maganinsa maimaici, shi ya sa ko na gaji nakan jingine keken a zaure, in sauya takalmi, in yi ɗan gudu na minti goma ko sha biyar kafin in shiga gida.

Iyo ne raunina, kuma a kansa ne wannan wasiƙa ta fi tsayawa. Ba mu da wurin iyo mai tsawon da ɗan tsere zai auna kansa a ciki. Na otal-otal gajeru ne, kafin ka yi ja biyar ka taɓa bango, ga kuɗin shiga. Saboda haka gulbi nake zuwa, tsakanin azahar da la'asar lokacin da ruwan ya ɗan saki sanyi, kuma ban taɓa shiga ni kaɗai ba. Wani dattijo masunci ne ke bina da kwalekwale, jikansa ɗan shekara goma sha wani abu yana zaune a gaba. Na koyi iyona ne daga bidiyo a waya: fuska cikin ruwa, a fitar da numfashi a ciki, a juya kai gefe a shaƙa, jiki a miƙe. Da dattijon ya fara ganin haka sai ya ɗaga filafili ya ce, "Malam, me ka yar a ƙasan ruwan da kake nema?" Na ce, "Baba, haka ake yi don kada a gaji." Ya yi shiru, sannan ya ce wa jikan ya faɗa. Yaron nan kansa a sama, yana watsa ruwa ko'ina, ya riga ni kaiwa gaɓar can, har ya zauna yana jirana.

Na daɗe ina tunanin abin da ya faru a ranar. A tafiya mai tsawo salon da na koya ya fi adana ƙarfi, wannan ba na shakka, domin ɗaga kai yana nutsar da ƙugu da ƙafafu, ruwa ya riƙa ja da mutum baya. Amma yaron ya san abin da bidiyo ba ya koyarwa. Bai nufi inda za shi kai tsaye ba, ya karkata sama da wurin ya bar ruwa ya sauko da shi. Ni kuwa na miƙe, ruwa ya kwashe ni ƙasa, na ƙare da iyo ina fama da shi. Dattijon yana duban fatar ruwa ya gaya maka inda rami yake da inda ruwa ke juyi. Ya koya min in riƙa ɗaga ido bayan 'yan ja kaɗan in kama wata bishiya a gaɓa in riƙe ta. Daga baya na ga 'yan tseren duniya ma haka suke yi da balan-balan ɗin da ake jera musu a teku. Idan aka ɗauki yaro irin wannan aka gyara masa numfashi da miƙa jiki, aka ba shi keke, ban san inda zai tsaya ba. Kuma irinsa suna nan rututu daga Argungu zuwa Yauri.

Gulbi yana da nasa haraji. Tsargiya gaskiya ce: ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa ta ratsa fata, ba sai an sha ruwan ba. Ina guje wa ruwa kwantacce mai ciyawa, ina zuwa asibiti a duba fitsari lokaci-lokaci, kuma maganinta, firazikwantel, sananne ne ga ma'aikatan lafiya. Duk wanda ya ga jini a fitsari kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa ne a ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, don haka tsarin nawa yakan sauya. In ajiye iyo gaba ɗaya, in mayar da gudu bayan asham, kaɗan kawai don kada jiki ya manta. Bayan sallah sai zafi, wanda a nan yakan haura digiri 40 a Afrilu. Lokacin ruwan gishiri da sukari ne a gora, da dabino a aljihun riga.

Burina a fili yake. Ina son in kammala tsayin Olamfik a ƙasa da awa 3: iyo wajen minti 35, keke awa 1 da minti 20, gudu minti 55, sauran ya tafi wajen sauya kaya. Alex Yee na Birtaniya ya ci zinariyar Faris da awa 1 da minti 43 da 'yan daƙiƙu, don haka ba da shi nake takara ba. Can gaba ina mafarkin rabin dogon tseren ukun da ake kira Ironman, iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1, irin wanda ake yi a Afirka ta Kudu, sai dai kuɗin rajista da na jirgi da kuɗin waje ake lissafinsu, albashi kuma da naira yake zuwa.

To amma, Malam Edita, duk wannan shiri na wace rana ce? A nan matsalar take. Mai atisaye daga ranar gasa yake ƙirga makonni baya, ya san yaushe zai ƙara nauyi, yaushe zai sassauta. Mu a Kebbi shiri kawai muke yi, shekara ta zagayo mu sake shiri. Wanda ke son gasa sai ya tattara keke ya nufi kudu, ya biya mota da masauki, ya isa a gajiye. Na san abokai biyu da muka fara tare suka bari. Ƙarfi bai ƙare musu ba, abin jira ne suka rasa.

Ga roƙona. Bikin Argungu, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016, ya riga ya tanadi kusan duk abin da ake buƙata. Akwai kogin Matan Fada, akwai Sarkin Ruwa da mutanensa, akwai wasannin Kabanci inda ake tseren iyo da na kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa. A ware safiya ɗaya a yi ƙaramin tseren, mita 750, kilomita 20, kilomita 5. A buɗe rukunin tawaga ta mutum uku, ɗan masunta ya yi iyo, wani ya karɓa da keke, na uku ya ƙarasa da gudu, domin ta haka ne kowane gari zai iya fito da wakilai ba tare da jiran mai iya ukun ba. A kuma ware rukunin keken gida, irin Raleigh da Phoenix da manomi ke kai taki gona da su, kada tseren ya zama na masu keken kuɗi su kaɗai. Ba sai an sayo na'urar ƙirga lokaci ba, agogon hannu da littafi da alkalai masu amana sun isa a shekarar farko. Abin da ba za a yi rowarsa ba shi ne kwalekwalen ceto a jere, da motar asibiti, da rufe titi na awa biyu, da duba lafiyar ruwa kafin ranar. Faransa da duk kuɗin da ta kashe kan kogin Sen sai da aka ɗage tseren uku na maza a Olamfik ta Faris da kwana ɗaya saboda ƙazantar ruwa. Idan Argungu ta yi cunkoso, Yauri na da bikin wasannin ruwa na Rigata da faɗin kogin Neja.

Wani zai ce jihar da ke fama da tsaro da tsadar abinci ina ta ga ta tseren keke. Ban raina wannan magana ba. Sai dai ban nemi a gina komai ba, kuma tun hatsarin jirgin ruwa na Warra a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, nake ganin duk abin da zai sa yaran birni su koyi iyo a hannun waɗanda suka san ruwa ya wuce wasa.

Mafi muhimmanci, a faɗi ranar da wuri, aƙalla wata shida kafin lokaci, a duba kada ta faɗa cikin azumi, kuma idan an faɗa a bar ta a wurinta. Ni na ɗauki alkawarin auna hanyar keke da ta gudu kyauta, mai facina ya ce zai zo da famfo da kayan aikinsa, dattijon nan kuwa ya ce kwalekwalensa na nan, da sharaɗin a bar jikansa ya shiga.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku mai karatu,
daga Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.