Babu wanda ya yanka musu unguwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da shirinku na daren Lahadi, musamman inda baƙon nan naku ya ce wai gwamnatin Amurka ce ta yanka wa masu neman jinsi ɗaya unguwa a West Hollywood, jikin birnin Los Angeles, don ta lallaɓa su. Mai gabatarwa bai tanka masa ba, dariya ma ya yi ya wuce tambaya ta gaba. A unguwar nake zaune, a cikinta nake biyan haya, kuma ina shaida muku maganar nan ba gaskiya ba ce.

Kafin 1984 wurin nan ba shi da majalisa, ba shi da magajin gari. Wani ɗan yanki ne da bai kai murabba'in mil 2 ba, a ƙarƙashin gundumar Los Angeles, kuma mafi yawan mazaunansa 'yan haya ne. Masu neman jinsi sun taru a nan ne tun da can saboda ikon 'yan sandan birnin Los Angeles, da suka addabe su da samame, bai kai nan ba. Da aka ga dokar gunduma da ta hana masu gidaje tsuga kuɗin haya ta kusa ƙarewa, sai tsoro ya kama kowa. Tsofaffi masu cin fansho, da Yahudawan da suka baro Tarayyar Sobiyet, da masu neman jinsi, suka haɗa kai suka bi gida gida suna karɓar sa hannu. A watan Nuwamba na 1984 aka kaɗa ƙuri'a, wurin ya zama gari mai cin gashin kansa. Cikin kansiloli 5 na farko, 3 masu neman jinsi ne da ba su ɓoye ba, ɗaya kuma tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Abin da suka fara taɓawa kuɗin haya ne, kuma a 1985 suka kafa dokar daidaita shi, wadda har yau take kare masu zama a gidajen da aka gina kafin Yulin 1979. Ina kyautar gwamnati a nan?

Ni Musulmi ne, ban rubuto don a yi muhawarar halal da haram ba, wannan malamai suna nan. Amma addinin nan ne ya koya mini haƙƙin maƙwabci, kuma ya hana ni in ji ana yi wa mutum ƙarya in yi shiru.

Gidan da na fara zama a nan tsohon bene ne mai hawa biyu, kusa da lambun shaƙatawa na Plummer Park inda tsofaffin Rashawa ke wuni suna dara da hira. Wani ya saye shi, ba a jima ba muka ga an kafa allo a bakin ƙofa, wai za a rushe a gina dogon bene na sayarwa. Ni da na gani, jikina ya mutu, na fara tunanin inda zan kai iyalina. Ko a mafarki ban zaci ɗan haya, baƙo kuma, yana da ta cewa ba. Wani dattijo da ke samanmu, wanda abokin zamansa ya rasu a shekarun da cutar ƙanjamau ta yi wa unguwar ɓarna, shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da takardu a hannunsa. Ya zauna a falona ya buɗe zanen ginin, ya nuna mini iyakar tsayin da doka ta yarda a gina a layinmu, da tazarar da dole a bari tsakanin gini da titi, da ranar da kwamitin tsara gari zai zauna. Ya ce mini in zo in yi magana, ko da Turancina zai karye.

Na je. Malam, abin da na gani a ɗakin taron nan shi ya kamata ku kawo wa masu sauraro. Kowa ya cike 'yar takarda da sunansa, a kira shi, a ba shi 'yan mintuna. Lauyan mai ginin ya yi bayani da hotuna a bango. Bayansa wata tsohuwa 'yar Rasha ta tashi da sandarta ta ce a gidan ta binne shekarunta, ba ta san hanyar wani asibiti ba sai na kusa. Wasu samari biyu masu shago suka yi maganar inuwar da benen zai jefa wa layin da wurin ajiye motoci. Na tashi gwiwata na rawa na faɗi tawa, aka rubuta, babu wanda ya tambaye ni daga ina na zo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ranar masu ɗakin aka saurara.

Ba mu hana rusau ba. Akwai dokar jihar Kalifoniya ta 1985, dokar Ellis, da ta ba mai gida damar fitar da 'yan haya duka idan ya ce ya bar sana'ar haya, kuma majalisar gari ba ta da ikon ture ta. Amma an mayar da zanen aka gyara, an tilasta ware wasu ɗakuna ga masu ƙaramin ƙarfi kamar yadda dokar garin ta tanada tun 1986, an biya mu kuɗin tashi, tsofaffin cikinmu kuma doka ta ba su wa'adin shekara guda. Dattijon nan shi ya yi ta buga waya har na samu inda nake yanzu. Shi kansa bai samu ɗakin da zai iya biya a garin da ya yi wa yawon neman sa hannu ba, ya koma wajen 'yar'uwarsa a wata jiha. Wannan har gobe yana ci mini rai. Tun da dokar Costa-Hawkins ta 1995 ta ba masu gida damar sa kuɗin da suka ga dama da zarar ɗan haya ya fita, unguwar sai ƙara tsada take, matasan masu neman jinsin ma da yawa ba sa iya zama a cikinta. Baƙonku bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma kuka ba shi rabin shiri.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu sauraronku a gida su ne suka fi buƙatar jin yadda ake wannan zama. Mutum ya kwana a gidansa, ya wayi gari ya tarar an shafa wa katangarsa jan fenti. A mayar da filin makaranta shaguna, a kafa gidan mai jikin gidajen mutane, babu wanda aka kira, babu allon sanarwa, babu ranar sauraro. Da kun bayyana yadda 'yan haya ke karanta zanen gini, su tsaya gaban kwamiti, su ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gari, da wani a Kano ko Maraɗi ya ƙaru. Sai kuka ɓuge da zolaya.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Mu na ƙasashen waje mu kira da kuɗinmu, a ajiye mu muna jin kiɗa, da an ɗauka sai a ce lokaci ya ƙure. Sautin da kuke sawa a Facebook kuma yakan yanke kafin a kai ga ra'ayoyin masu sauraro. Ina roƙon a gyara, kuma a karanta wasiƙar nan a cikin shirin da aka yi maganar.

Naku,
Mai sauraro daga West Hollywood, jihar Kalifoniya