Sanarwa ga iyayen yaran da ke son zama lauyoyi

Assalamu alaikum, iyaye da malamai.

Tun shiga SS1 ake yanke wannan shawara: yaro ya shiga ajin Art. Jami'o'i na neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, galibi har da Lissafi. Kiredit daga C6 yake farawa, D7 ba ta shiga.

A Adabin ake yawan tuntuɓe. Yara kan ajiye shi saboda yawan littattafansa, sai lokacin cike fom ɗin JAMB a tarar ƙofa ta rufe. Don Allah kada a bari.

Mai nufin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake haɗa shari'ar Musulunci da dokokin ƙasa, ya riƙe Larabci ko darasin Addinin Musulunci sosai.