Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Lura da Tsuntsaye, Sakkwato

Assalamu alaikum, iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa membobi.

Aikinmu na bana ya fara ne da sanyin hunturu a fadamar Kwalkwalawa, inda Kogin Rima ke barin ruwa a kwance bayan damina ta wuce. A watan Janairu mun fita ƙirgar tsuntsayen ruwa, domin a wannan watan ne ake gudanar da ita a ƙasashe da dama tun shekarar 1967, a ƙarƙashin Wetlands International, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da fadamu da tafkuna. Hazo ya hana mu ganin nesa har rana ta ɗaga, amma da ya washe sai ga kirinjijiya garke guda a kan tsibirin yashi, zalɓe na tsaye a gefe kamar an dasa shi, sannan ga ƙananan agwagin ruwa da ke tasowa daga Turai da Rasha, su ƙetare Sahara domin su sha ruwanmu kafin su koma a watan Maris.

Ziyarar tuddan Wurno da madatsar ruwa ta Goronyo ba ta yiwu ba saboda matsalar tsaro, kuma kwamiti bai ga dalilin jefa rayuwar kowa cikin haɗari ba. Mun maye gurbinta da tafkin Kware.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin kwamiti shi ne shamuwa. Ita ba baƙuwar Turai ba ce, 'yar Afirka ce: tana yin rani a kudancin nahiyar, sannan ta dawo mana gab da faɗuwar ruwan farko, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, inda babu yaron da zai jefe ta saboda girman da iyaye suka ba ta. A wani ƙauye kusa da Wamakko, wani dattijo manomi ya nuna mana kukar da ta saba sauka, ya kuma gaya mana cewa ba ya fito da irin gero sai ya gan ta. A ganinmu, ilimin irin waɗannan dattawa da na masunta ya fi duk abin da muke tarawa a fita ta yini ɗaya, domin su kullum suna bakin ruwa, mu kuwa sai ƙarshen mako. Saboda haka mun raba littattafan rubutu a ƙauyuka domin a riƙa rubuta ranar zuwanta da ranar tafiyarta, da boko ko da ajami.

Akwai abin baƙin ciki kuma. Gauraka, wadda ake kira tsuntsun ƙasa a Nijeriya, ba mu gan ta ko sau ɗaya ba, kuma ungulu da a da ke cika mahauta ta yi wuyar gani, saboda guba da kuma masu kama ta don haɗa magani.

Game da kayan aiki, ɗaya daga cikin madubanmu na hangen nesa ya faɗa ruwa daga kwalekwale kuma bai gyaru ba. Kwamiti na roƙon membobi su biya kuɗin wata a kan lokaci domin a sayi wani kafin Asabar ta biyu ta watan Oktoba, Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya, wadda muke shirin kai ɗaliban firamare Kwalkwalawa a cikinta in Allah ya kai mu.

Sakataren ƙungiya